Mu je shawagin tub a kogi da yara alhali ban iya iyo ba?

"Assalamu alaikum Anti. Shekara biyu ke nan da zuwanmu Houston. Maƙwabtanmu suna da al'ada, duk lokacin zafi sai su haɗa iyalai da abokai su tafi New Braunfels, kowa ya hau tub a bar ruwa ya yi ta tafiya da shi. Bara sun gayyace mu na ƙi, bana yara sun tasa ni a gaba. Ni ban iya iyo ba, maigidan ma sama-sama ne. Yaranmu uku, shekara 11, 7 da 3, kuma ta tsakiyar tana da sikila. Ga surukata ta zo mana hutu, ga labarin ambaliyar kogin Guadalupe har yanzu yana raina. Mu je ko mu haƙura? In za mu je me za mu shirya, kuma yaya mace za ta yi da sutura da salla?"

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kin kyauta da kika faɗi shekarun yaran da maganar sikila, don su ne za su sa amsar ta dace da gidanki. Abin da na fahimta, kina so ki san ko wannan fita da maƙwabta suke yi duk shekara abu ne da iyali irin naku zai shiga ya fito lafiya, kuma ko mace musulma za ta iya yin sa ba tare da ta zubar da mutuncinta ko ta rasa sallarta ba. Shawarata ku je. Amma ba ku duka za ku shiga kogin ba, ba kowace rana ce ta zuwa ba, kuma duk wanda zai hau tub daga gidanki, har ke da maigidan, sai da rigar kariya mai hana nutsewa ɗaure a jikinsa. Aikina koyar da iyo ne, yara da manya, galibi mata, ina kuma da horon ceto a ruwa. Mu ma muna irin wannan fita da iyalai 'yan gida duk shekara, saboda haka abin da zan gaya miki wanda nake gani da idona ne.

Wane kogin za a shiga?

New Braunfels gari ne a jihar Texas ta Amurka, yana tsakanin San Antonio da Austin. Jamusawa ne suka kafa shi a 1845, kuma daga Houston tafiyar kusan awa 3 ce a mota. Koguna biyu ne suka haɗu a cikin garin, halinsu kuwa ba ɗaya ba ne. Kafin ki ce wa maƙwabciyarki "to", ki tambaye ta wanne suke shiga.

Na farko shi ne Comal. Ɗan gajere ne, bai wuce kilomita 4 ba daga inda ya ɓuɓɓugo zuwa inda ya faɗa cikin Guadalupe, kuma duk tsawonsa a cikin gari yake. Ruwansa daga ƙarƙashin ƙasa yake fitowa, daga ma'ajiyar ruwan da ake kira Edwards, shi ya sa yake garau har kina hango ciyayi da kifaye a ƙasa, kuma sanyinsa ba ya canzawa rani da damina, yana nan wajen digiri 21 zuwa 22 a ma'aunin Salshiyos. Tafiyarsa a hankali take. Daga shiga zuwa fita awa 2 zuwa 3 ne, ya danganta da yawan ruwa da kuma cunkoso.

Na biyu shi ne Guadalupe, ɓangaren da ke ƙasa da madatsar Canyon wadda aka kammala a 1964. Ruwan da ake saki daga gindin tafkin yake fitowa, saboda haka ya fi na Comal sanyi nesa ba kusa ba. Ya fi tsawo, ya fi duwatsu, akwai wuraren da yake gangarowa da gudu, kuma ƙarfinsa yana bin abin da aka saki daga madatsar a ranar. Shekarar fari sai ki ga mutane suna jan tub a kan duwatsu, shekarar ruwa kuwa ya zama na gwanaye. Akwai wani lanƙwaso kusa da Sattler da suke kira Horseshoe, inda kogin ya yi gwiwa har mafita ta dawo kusa da mashiga, mutane suna son sa saboda gajarta. Duk da haka, ga iyalin da babu gwanin iyo a cikinsu, ni Comal nake zaɓa a karon farko. In maƙwabtan sun ce Guadalupe suka saba, kuma doguwar tafiyar awa 5 ko 6 suke yi, ki ce musu bana dai ku haɗu a wurin cin abinci. Kogin San Marcos da ke gaba kaɗan ta hanyar Austin shi ma na maɓuɓɓuga ne, sanyinsa kusan ɗaya da na Comal, yana da gajeren zango a cikin gari da ya dace da masu farawa.

Yadda ake yi ba wuya. Za ku ajiye mota a wurin masu haya, ku biya, a ba kowa tub, ku gangara matakala ku shiga. In kun fito a ƙasa, bas ɗinsu ya mayar da ku wurin mota. Kafin a ba ku tub za a miƙo takarda ku sa hannu. Ki daure ki karanta ta. Abin da take cewa shi ne kogi yana da haɗari kuma kowa ya ɗauki nauyin kansa da na 'ya'yansa, kuma gaskiya ta faɗa, don mafi yawan tsawon kogin babu wani mai ceto da ke tsaye yana kallon ku.

Tub wurin zama ne kawai

Nan ne nake so ki fi ba ni hankalinki. Da can tub ɗin tayar babbar mota ake amfani da shi, baƙi, irin na wurin mai faci. Yanzu galibi na roba ne masu launi da mariƙi biyu, wasu da shimfiɗa a tsakiya, wasu rami ne fayau. Kowanne ne dai, ba a ɗaure yake da jikinki ba. Kin taɓa ganin masunta a bikin kamun kifi na Argungu, yadda suke kwanciya a kan ƙaton gora suna yawo a ruwa? Babu ɗaya daga cikinsu da ya dogara da goran don kada ruwa ya ci shi, kowa ya iya iyo tun yana yaro, goran na hutawa ne da zuba kifi. Tub ma haka yake. Da zarar kin zame daga kansa, shi ya fi ki sauƙi, ruwa da iska za su tafi da shi su bar ki.

Zamewa kuwa ba sai an yi ganganci ba. A Comal, kusa da filin shaƙatawa na Prince Solms, akwai tsohuwar madatsa da aka yi wa wani zirin siminti a gefe, ruwa yana bi ta ciki da gudu, mutane suna bi ɗaya bayan ɗaya suna ihu. Shi ne abin da yara suke ɗoki tun daga gida. Zirin kansa bai fi 'yan daƙiƙoƙi ba. Matsalar tana ƙarshensa, inda ruwa mai gudu ya daki ruwa mai kwanciya ya yi juyi. A nan tub yake ɗaga gefe ɗaya ya kife, na bayanki ya zo ya hau kanki, ki ɗago ki tarar da tub ɗin wani a saman kanki, ƙafarki kuma ba ta taɓa ƙasa. Na taɓa tsayawa a wurin ina jiran 'yan rukuninmu, sai ga wani dogon magidanci daga wani rukuni ya kife. Ruwan da ya faɗa bai fi ya taka ƙafa biyu ya samu wurin tsayawa ba, amma ya riga ya ƙware, idonsa ya fito, bai yi ihu ba, bai ɗaga hannu ba. Abin da ya yi kawai shi ne ya cafki tub ɗin da ya fi kusa ya danna shi ƙasa da dukkan nauyinsa, yarinyar da ke kai ta faɗo. Allah ya sa tana da rigar kariya, ta taso nan take tana kuka, aka tsamo su duka biyu. Wannan ne dalilin da ya sa ba na sassauta wa manya. Babban da bai iya iyo ba kuma bai sa riga ba, haɗari ne ga yaron da ke kusa da shi, don wanda ruwa ya shaƙe ba ya sanin wa ya kama.

Saboda haka ki gaya wa maigidan, cikin girmamawa amma ba da wasa ba, cewa iyon sama-sama a wurin wanka na unguwa bai isa a kogi ba. Maza sun fi ƙin rigar nan, suna ganin kamar raini ne. Mu a rukuninmu, wanda ya fi kowa iya iyo shi yake fara sa tasa a gaban kowa, sai musu ya ƙare. Shi kuwa zirin, ba dole ba ne. Akwai wurin fita kafin a kai gare shi, a ɗauki tub a zagaya da ƙafa a sake shiga a ƙasa. Ke da duk wanda bai iya iyo ba, hanyarku ke nan.

Rigar ma sai an zaɓa. Ki duba cikinta, za ki ga tambarin amincewar rundunar tsaron gaɓar tekun Amurka, da haruffan USCG. Da nauyi ake auna ta, ba da shekaru ba: akwai ta yaro mai fam 30 zuwa 50, akwai ta fam 50 zuwa 90, sama da haka ta manya ce. Bayan kin ɗaure duk maɗauran, ki kama kafaɗun rigar ki ɗaga sama da ƙarfi. In ta taso ta rufe haɓa ko kunnuwa, ta yi yawa, a ruwa ma haka za ta taso yaron ya zurma ta ƙasa. Ta ƙananan yara tana da igiya da ke bi ta tsakanin cinyoyi, kada a bar ta tana reto. Balan-balan ɗin hannu da ake hura wa yara kayan wasa ne, kada ki lissafa su. Masu haya suna bayar da riguna, amma ranar cunkoso mai kyau tana ƙarewa da wuri, shi ya sa na fi son iyali su sayi nasu su gwada a gida. Tunda abin na duk shekara ne, kuɗin bai tafi a banza ba.

Abu biyu za ki koya wa kowa kafin a shiga. In ka faɗo a inda ruwa ke gudu, kada ka yi ƙoƙarin miƙewa tsaye. Ƙafa tana iya maƙalewa tsakanin duwatsu ko saiwoyi, ruwa ya tura ƙirji gaba ya danne fuska, kuma wannan yana faruwa ko a ruwan da bai wuce ƙugu ba. Ka kwanta rigingine, ƙafafu a sama suna fuskantar inda ruwa ya nufa, ka bari ya kai ka inda ya lafa, sannan ka nufi gaɓa. Na biyu, ka nisanci itacen da ya faɗo cikin kogi. Ruwa yana wucewa ta tsakanin rassa, mutum ba ya wucewa. In kun hango shi, tun daga nesa a fara tuƙi da hannu zuwa ɗaya gefen.

Za ki ga mutane sun ɗaure tub goma da igiya ɗaya suna tafe a dunƙule. A ruwa mai kwanciya yana hana rabuwa, amma igiya a ruwa mai gudu tana naɗe wuya da ƙafa. Mu riƙe mariƙin juna muke yi da hannu. In dole sai an ɗaure, igiyar ta zama gajera, a kwance ta kafin duk wata gangara, kuma kada a taɓa ɗaura ta a hannun yaro ko a ƙugunsa.

Maganar ambaliya

Tsoronki yana da tushe. Da asubahin 4 ga Yuli 2025, kogin Guadalupe a gundumar Kerr ya tashi kusan ƙafa 26 cikin minti 45, mutum fiye da 130 suka rasu a ambaliyar, cikinsu har da yara mata da ke kwana a sansanin hutu a bakin kogin. Yankin nan na tuddai a tsakiyar Texas ƙasarsa dutse ce mai siririyar ƙasa a sama, ba ta shan ruwa, ga gangara, ga iska mai ɗauke da laima daga tekun Mexico. In ruwan sama ya zuba da yawa a lokaci ɗaya, gaba ɗaya yake kwararowa cikin kwari.

Wurin da abin ya faru yana can sama da tafkin Canyon, New Braunfels kuwa tana ƙasa da madatsar, kuma an gina madatsar ne musamman don tare irin wannan ruwa. Wannan kariya ce ta gaske, amma tana da iyaka. Ruwan da ya sauka ƙasa da madatsar babu abin da zai tare shi, haka aka yi a Oktoban 1998 lokacin da ambaliya ta cinye gidaje a New Braunfels. A Yulin 2002 kuma tafkin ya cika har ya tsallake mafitarsa ta gefe, karo na farko tun gina shi, ruwan ya haƙa kwazazzabon da har yau ake kai mutane gani. Shi ma Comal, duk da daga maɓuɓɓuga yake, akwai rafukan da ke zuba a cikinsa, kuma bayan ruwa mai ƙarfi hukumar gari takan rufe shi.

Abin lura shi ne ambaliya ba ta zuwa ba tare da ruwan sama a wani wuri ba, ko da a inda kike rana ake kwallawa. Don haka tun kwana uku kafin tafiya ki riƙa duba hasashen yanayi na yankin gaba ɗaya, ba na garin kaɗai ba. In hukumar yanayi ta fitar da sanarwar yiwuwar ambaliya, an fasa ke nan, ko an biya kuɗin masauki. Hukumar binciken ƙasa ta Amurka, wato USGS, tana da ma'aunai a kan kogunan nan da kowa zai iya dubawa kyauta a intanet, suna nuna yawan ruwan da ke wucewa a kowace daƙiƙa. Ba sai kin zama gwanar lissafinsu ba, ki duba layin kawai, in yana hawa da sauri ba ranar shiga ba ce. Da safen ki kira masu haya ki tambaye su kai tsaye ko ruwan yau ya dace da yara da waɗanda ba su iya iyo ba. In kuna cikin ruwa kuka ji tsawa, ku fita a mafita ta farko, kada a koma sai an yi minti 30 ba a sake jin ta ba. In kuwa ruwan garau ya fara damewa, ganyaye da karare suna wucewa, ku hau tudu nan take. Bayan ruwa mai yawa ma ina barin kwana biyu ko uku, saboda ƙazantar da ya wanko tana sa gudawa da ciwon kunne. In za ku kwana, ku kama ɗaki a kan tudu cikin gari, kada ku kafa tanti a bakin ruwa.

Yaranki, ɗaya bayan ɗaya

Mai shekara 11 zai shiga, da rigarsa, a tub mai shimfiɗa daidai girmansa, kusa da babban da ya iya iyo da gaske. Ki kira sunan mutumin tun a gida, ki ce masa wane, yaron nan a hannunka yake daga shiga har fita. Cikin taron mutum ashirin kowa yana zaton wani ne yake kallo. Wanda ruwa yake ci kuwa ba ya kururuwa, don numfashin da zai yi ihun da shi ne yake nema, sai dai ki ga kai a ɗage, baki yana shiga ruwa yana fita, hannaye suna dukan gefe.

Ɗan shekara 3 ba zan sa shi a kogi ba. Na san za ki ga wasu sun ɗora jarirai a cinya, ni dai ba na yarda a rukuninmu. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wato CDC, ta ce nutsewa ita ce ta fi kowane abu kashe yara 'yan shekara 1 zuwa 4 a ƙasar nan. Yaro irinsa ba zai zauna awa 2 a wuri ɗaya ba, sanyi yana saurin kama shi, kuma in uwar da ke riƙe da shi ta kife, ba ta da hannun da za ta ceci kanta.

Ta tsakiyar ita ce ta fi tsaya mini a rai. Sanyi yana tsuke jijiyoyin jini, ƙishirwa tana sa jini ya yi kauri, kuma dukansu suna tayar da ciwon sikila. Ranar tub ta haɗa su wuri guda: zafin Texas da ke kai digiri 38 a Yuli da Agusta, sannan a tsoma baya da ƙafafu cikin ruwa mai digiri 21 na tsawon awanni. Ƙari a kan haka, yawancin gaɓar kogin filayen mutane ne da katanga, in ta fara rawar sanyi ko ta ce ƙafarta tana ciwo a tsakiyar tafiya, ba ko'ina za ki iya fitar da ita ki naɗe ta da tawul ba. Ni mai koyar da iyo ce, hukuncin nan na likitanta ne, shi ya san nau'in sikilarta da yadda jikinta ya saba yi. Ki gaya masa sanyin ruwan da tsawon lokacin, kada ki ce masa wanka kawai za a je. In da ni za a tambaya, bana ta zauna a tudu. Amma ki shirya mata ranarta da kyau, kada ta ji an ware ta saboda ciwonta, yaran nan suna riƙe irin wannan a zuciya.

Filin shaƙatawa na Landa, inda Comal ya ɓuɓɓugo, shi ne maganin wannan. Akwai inuwar manyan itatuwa, teburan cin abinci, wurin wasan yara, da ɗan ƙaramin jirgin ƙasa da ke zagaya filin. Nan Hajiya surukarki za ta shimfiɗa darduma da jikokinta biyu. Sai dai kada a bar ta ita kaɗai da su, baƙuwa ce, ga ruwa a ko'ina cikin filin, ga ɗan shekara 3 mai ƙafa. Tunda Comal gajere ne, ku yi karɓa-karɓa: maigidan ya shiga da babban yaro da safe ke kina tudu, in ya fito kuma kina da sha'awa ki bi zagaye na biyu tare da matan da suka iya iyo.

Sutura, salla da zaɓen rana

Kada ki shiga kogi da zane, abaya ko dogon hijabi. In sun jiƙe nauyinsu yana ninkuwa, suna naɗe ƙafafu, suna kama reshe, kuma suna manne wa jiki har suturar da ake nema ta ɓace. Ki nemi kayan iyo na mata musulmi: dogon wando mai kama ƙafa, riga mai dogon hannu da ta sauko cinya wadda ake maƙala ta da wandon don kada ta taso, da hular kai mai rufe wuya wadda ba ta buƙatar allura. Rigar kariya a sama tana ƙara rufe ƙirji. Abayarki tana cikin jaka a mota, kina fitowa ki zura. Maza ma ban da jamfa da wandon jins. Silifas kogi ake ba wa kyauta, a sa takalmi mai maɗauri a dunduniya, don matakalar tana da santsin gansakuka kuma simintin wurin ajiye mota yana ƙona tafin ƙafa. Baƙar fata ma rana tana ƙona ta, musamman cinya, hanci da saman ƙafa, a shafa man kare rana kafin a shiga.

Gaskiyar da ba zan ɓoye miki ba ita ce, ranakun Asabar da rana kogin nan cike yake da matasa masu shan giya, da kiɗa, da shigar da ba za ki so 'ya'yanki su yini suna kallo ba. Lokacin harkar yana farawa ne daga hutun ƙarshen Mayu zuwa na farkon Satumba, kuma waɗannan hutun biyu da na 4 ga Yuli su ne mafi muni, har ba a ganin ruwa sai tub. Amma ki je ranar Talata ko Laraba da ƙarfe 9 na safe, za ki rantse wani kogin ne daban: iyalai, tsofaffi, kunkuru a kan itace yana shan hantsi. In aiki bai bari ba sai ƙarshen mako, to Lahadi da sassafe. Shigar safe tana warware maganar salla ma, don a watannin nan Azahar ba ta shiga a yankin sai wajen ƙarfe ɗaya da rabi. Kun fito, kun canza kaya, kun yi alwala, kun yi sallarku a inuwa cikin natsuwa. Nisan Houston zuwa can ya kai kilomita 280, maganar kasaru da haɗa salla sai ku tambayi malaminku.

Guzuri da tsarin tafiya

Garin New Braunfels ya hana shiga kogunansa da duk wani mazubin da ake yarwa bayan amfani: gwangwanin lemo, robar ruwa ta kanti, ledar biskit, kofin takarda. Kwalba da farar kular soso su ma haramun ne, akwai iyaka ga girman kular da za a shiga da ita, kuma jami'ai suna cin tara. Ki juye ruwa da zoɓo a goruna masu murfi irin na zuwa makaranta, cincin da dambun nama a robobi masu rufewa. Ruwan sha ya fi komai yawa, don wanda ke zaune cikin ruwa ba ya jin ƙishirwa sai kansa ya fara sarawa. Dafa-duka da kaji a bar su a tudu wurin Hajiya, yunwar bayan fitowa ba ta da kama. Dokokin sukan ɗan canza daga shekara zuwa shekara, ki leƙa shafin hukumar garin kafin ku taso.

Makullin mota a bar shi wurin masu haya ko wurin wanda ya zauna a tudu. Waya ɗaya ta isa rukuni, cikin jakar da ruwa ba ya shiga, a rataye a wuyan babba, don kiran lambar gaggawa ta 911 in ta kama. Zobe, sarƙa da tabarau mai tsada su zauna a gida. A ƙirga kawuna a mashiga, a sake ƙirgawa bayan zirin, a sake a mafita. Gwani ɗaya a gaba, ɗaya a can baya da usur a wuya, ba mai wuce na gaba, ba mai zama bayan na baya. Kusa da ƙarshen Comal akwai allon da ke nuna mafita ta ƙarshe, a fara matsawa gefe tun kafin a kai, don wanda ya wuce ta Guadalupe ya shiga. Ku kuma amince tun a gida cewa mutum ɗaya ne yake da ikon cewa an fasa, kuma in ya faɗa ba gardama. Wanda zai tuƙa mota komawa Houston ya samu ya ɗan runtsa, rana da ruwa suna saukar da barci mai nauyi.

Ban ga yadda babban ɗanki yake a ruwa ba, ban kuma ga maigidan ba, don haka kafin ranar ku je wurin wanka na unguwa da rigunan a jiki, kowa ya faɗa inda ya fi ƙarfin tsayinsa ya ji yadda rigar take ɗago shi. Ke ma haka. Matan da nake koya wa, abin da ya fi ba su wuya ba motsa hannu ba ne, yarda su kwantar da ƙeya har ruwa ya rufe kunnuwa ne. Ina sa tafina a ƙarƙashin kafaɗarsu, in ce su kalli rufi su yi numfashi a hankali, sai in zare hannun ba su sani ba. Galibi cikin darasi kaɗan ake samun wannan, kuma wadda ta iya kwanciya rigingine ta daina firgita in ta faɗo. Cibiyoyin ƙungiyar YMCA da wuraren iyo na hukumar gari suna da azuzuwan manya da na yara. In kunya ce ta hana ki, ku haɗu ku shida ko takwas ku nemi a kama muku awa ɗaya ta mata zalla da mace mai koyarwa, haka muke yi. Ki sa yaran duka uku, har mai sikilar in likita ya amince, a wurin da ake ɗumama ruwansa.